Cinikin biri a sama: yadda ɗan yayata ya sayi kwamfutar gem ta intanet

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare ɗan yayata ya turo mini hotunan kwamfutoci uku da ya ɗauko daga wani dandalin ciniki na intanet, sannan ya biyo da saƙo: "Kawu, don Allah ka zaɓar mini ɗaya. Rangwamen gobe zai ƙare." Wata goma ke nan yana tara kuɗin nan, kuma ni na san yadda ya matse bakin aljihunsa kafin su taru. Na daɗe ina kwance kwamfutoci ina ɗaurawa, shi ya sa duk wanda zai sayi abu mai fulogi a cikin dangi ni yake nema. Na rubuta wannan lamari daki-daki ne saboda a cikinsa mun bi ta kusan kowane wurin da mai saye ke zamewa, kuma ni da ake ganin na iya, sai da na zame a wuri guda.

Ban zaɓar masa komai ba a daren. Tambaya biyu na yi masa: wane gem zai buga, kuma a kan wane allo? Ya ce Fortnite da EA Sports FC su ne na kullum, wani lokaci GTA V, sannan yana da burin Cyberpunk 2077. Allo kuwa ya riga ya mallaka, mai 1080p ne, yana sabunta hoto sau 144 a sakan ɗaya. Wannan amsar ta rage mana rabin aiki. Allon 1080p ɗigo miliyan biyu ne da 'yan kai, na 4K kuwa ya ninka shi sau huɗu, saboda haka katin hoto, wato sashen da ke zana hotunan gem, da zai ciyar da na farko ba ya buƙatar ƙarfin wanda zai ciyar da na biyu. Duk abin da ya kashe sama da bukatar allonsa, ya saya ne bai gani ba.

Batun rangwamen da zai ƙare gobe kuwa, cewa na yi ya saka kayan a kwando ya je ya kwanta. Washegari da rana agogon da ke ƙirge a saman shafin ya kai sifili, ya sake somawa daga awa 24. Farashin da aka ja wa layi a matsayin "na da" ma ba hujja ba ne. Wannan dabara ta yi yawa har sai da Tarayyar Turai ta wajabta, daga 2022, cewa mai sanar da rangwame ya nuna mafi ƙarancin farashin da ya sayar da kayan a kwana 30 da suka wuce. Inda babu irin wannan doka, mai saye shi zai tsare kansa, ya sa ido a kan farashi na 'yan kwanaki kafin ya yarda an yi masa ragi.

Ta farko: fitilu masu launi

Ita ce ta fi shiga ran yaron, kuma ita ce mafi araha a cikin ukun da tazara mai yawa. Akwati ne mai gilashi a gefe, fankoki uku a gaba suna walwali da ja da shuɗi da kore. Kyan ɗan maciji ke nan. An rubuta: Core i7, RAM 16GB (wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), ma'ajiya 1TB, katin GTX. Iyakarta.

Na ce masa ya karanta mini lambar da ke bayan "i7". Ya ce babu. Na ce to a nan gizo ke saƙar. Intel ta fara amfani da sunan Core i7 tun 2008, kuma ta daɗe tana fitar da sabon zubi da wannan sunan kusan kowace shekara. Lambar da ke biye ita ke faɗin shekarun abin. Da muka gangara can ƙasan shafin, cikin ƙananan rubutu, sai ga shi: i7-4770. Wannan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta 2013 ce. A zamaninta jaruma ce, amma Core i3-12100 ta 2022, wadda sunanta ke nuna kamar ƙarama ce, ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Ga kuma matsalar Windows 11, wadda a hukumance ba ta karɓar furosesar Intel da ta gaza zubi na takwas, wannan kuwa ta zubi na huɗu ce. Windows 10 da irin wannan kwamfuta za ta dogara da ita, Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa mata.

Katin kuma GTX 1050 Ti ne, na 2016, mai 4GB. Ma'ajiyar 1TB ɗin tsohon faifai ne mai juyawa, ba SSD ba, wato ma'ajiyar zamani mai sauri. Abin da ake yi shi ne a samo cikin tsohuwar kwamfutar ofis, a zuba shi a sabon akwati mai fitilu, a rubuta "sabuwa". In ka bi ta barauniyar hanya ba su yi ƙarya ba, akwatin ai sabo ne. Akwai masu yin abin da ya fi wannan muni, su ɗauki katin da ya girmi wannan su sauya masa manhajar ciki don ya riƙa kiran kansa da sunan wani. Abin ya yawaita har manhajar GPU-Z ta soma liƙa wa irin waɗannan katuna tambarin jabu. Yaron ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Amma Kawu fitilun fa?" Na ce fitilu su ne mafi arahar abin da ke cikin kwamfuta, in ya so daga baya ya sayo ya ɗaura.

Ta biyu: suna ɗaya, kaya biyu

Wannan kwamfutar cinya ce, sabuwa ta gaskiya, daga kamfani sananne, ɗauke da RTX 4070. Ta ɗan haura abin da ke hannunsa, yana tunanin ya ranto cikon. Hujjarsa ita ce ya kalli bidiyon gwajin RTX 4070 ya ga yadda take tafiya da Cyberpunk kamar ruwa.

Bidiyon da ya kalla na katin kwamfutar tebur ne. RTX 4070 ta tebur tana da ma'ajiyar hoto 12GB, tana jan wuta wat 200. Wadda ake sa wa a kwamfutar cinya 8GB gare ta, guntun da ke cikinta ƙarami ne, kuma kamfanin da ya haɗa kwamfutar shi ke yanke yawan wutar da zai ba ta, daga wat 35 zuwa 115. Kwamfutoci biyu za su iya ɗaukar wannan suna ɗaya, ɗaya ta bar ɗaya a baya sosai, saboda siririyar ba ta da wurin fitar da zafi sai aka rage mata wuta. Tallar da ya turo ba ta ambaci wat ba ko sau ɗaya, kuma kwamfutar siririya ce ƙwarai. Ban ce mummuna ba ce. Ga mai yawan tafiya tana da ranarta. Shi kuwa teburinsa a ɗakinsa yake, allonsa na kai, babu inda za shi da ita. Muka wuce.

Ta uku, wadda hotonta bai burge kowa ba

Baƙin akwati ne marar ado. Ryzen 5 5600, RTX 4060 mai 8GB, RAM 16GB, SSD 512GB, Windows 11. A lokacin RTX 5060 ba ta fito ba, kuma 4060, wadda Nvidia ta fitar a Yunin 2023 a kan dala 299, ita ce katin da ya dace da allon 1080p ba tare da almubazzaranci ba. Furosesar ta 2022 ce, mai ƙwaya shida, tana zaune a kan soket AM4, wato mazaunin furosesa, da kamfanin AMD mai ƙera ta ya daɗe yana amfani da shi tun 2016. Ba sabon yayi ba ce, amma tsufanta ne ya sa ta yi sauƙi ita da madabod ɗinta, wato babban faranti da ake jona duk sassa a kansa, da RAM ɗin DDR4 da take ci, kuma ba za ta riƙe wa 4060 ƙafa ba a wasannin da ya lissafa.

Ni ɗabi'ata ita ce in ce wa mutum ya sayi sassa ya haɗa da kansa. Na zauna na tara farashin kowane sashe ɗaya bayan ɗaya, ina jiran lissafi ya goyi bayana. Bai goya ba. Haɗaɗɗiyar ta fi sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa, sai na koma neman inda aka rage. Abin da aka ambata da suna da lamba a tallar guda biyu ne kawai, furosesa da kati, wato abubuwan da mai saye ke bugawa a wurin bincike. Madabod, akwatin raba wuta, RAM da SSD duk an faɗi girmansu ba a faɗi ko na wane ne ba.

Na sa shi ya rubuta wa mai kayan ta cikin akwatin saƙon dandalin, ba ta wata hanya ba, domin duk amsar da aka ba shi ta zauna a rubuce inda masu dandalin za su gani. Ya tambayi lambar madabod. Ya tambaya ko 16GB ɗin sanda ɗaya ce ko biyu, da gudunta. Ya tambayi sunan akwatin wuta. Ya tambaya ko duk sassan sababbi ne, da kuma wanda ke da alhakin garanti, mai haɗawa ko kamfanin kowane sashe.

Amsa ta zo bayan kwana ɗaya. Madabod B550 ce, wannan ya yi mini daɗi, domin RTX 4060 layuka takwas kawai take amfani da su na PCIe, wato hanyar da kati ke musayar bayanai da furosesa, kuma B550 na ba ta zubi na huɗu, alhali A520 mai araha a na uku take tsayawa. RAM sanda ɗaya ce, DDR4 mai gudun 3200. Ga wuri na farko da aka rage. Furosesar tana da hanyoyi biyu na ɗebo bayanai daga RAM, in ka sa sanda ɗaya ka toshe hanya guda. A wasanni irin Fortnite, inda furosesa ke shan aiki, abin kan fito a matsayin 'yar sarƙewa nan da can ko da matsakaicin gudun ya yi kyau. Gyaransa mai sauƙi ne, a ƙara sanda irinta, don haka muka sa kuɗinta cikin lissafi. Game da sassa ya rubuta, "Duka sababbi ne." Game da akwatin wuta ya rubuta, "Wat 600, 80 Plus." Na karanta na ce ya isa, tunda wat 550 Nvidia ta ba da shawara ga wannan kati. Ban lura cewa an tambaye shi suna ya ba da lamba ba.

A ƙarshen saƙon ya ƙara da tayi: in yaron zai biya shi kai tsaye ba ta dandalin ba, zai rage masa wani abu, tunda shi ma zai tsira daga ladan da dandalin ke cira. Yaron ya kira ni yana murna. Na ce masa wannan ladan da ake son a kauce wa, shi ne kuɗin alƙali. Dandalin yana riƙe kuɗin, yana da rikodin abin da aka yi alkawari, yana da wa'adin mayar da kaya. Ka fita daga ciki, in kwali ya iso babu kati, daga kai sai mutumin da ba ka taɓa gani ba. Mai yiwuwa mutumin kirki ne. Amma cinikin biri a sama ake yi, kuma igiya ɗaya da ke hannunmu ita ce yake cewa mu saki. Ya biya ta dandalin, ya adana hoton tallar kamar yadda take a ranar, saboda mai kaya na iya gyara rubutu daga baya.

Ranar da kwali ya iso

Na je da kaina. Kafin a yanka salatif na sa ya kunna kyamarar waya, ya zagaya kwalin ya nuna kowane gefe da takardar da ke liƙe, ya ci gaba da ɗauka har aka fito da kwamfutar aka buɗe murfin gefe. A ciki an cusa soso don kada katin ya yi rawa a hanya ya karya wurin zamansa. Wannan alama ce ta mai haɗawa da ya san aikinsa, sai dai dole a cire kafin a kunna.

Ya jona komai, ya danna maɓalli, fankoki suka tashi, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Na ga fuskarsa ta canza. "Kawu, sun cuce ni." Na leƙa baya. Ya soka wayar HDMI a ramin madabod na sama, alhali Ryzen 5 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta, ramin nan a wurinta ado ne. Muka mayar da wayar ƙasa, jikin katin, hoto ya fito.

Daga nan muka shiga tantancewa, domin kwanakin mayar da kaya ba na jin daɗi ba ne, na gwaji ne. Manhajar CPU-Z ta tabbatar da furosesa da madabod. GPU-Z ta nuna RTX 4060 ta gaskiya a kan PCIe zubi na huɗu. RAM kuwa tana tafiya a 2133 maimakon 3200, saboda ba a kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunta, a cikin BIOS ba, wato saitin madabod. Danna biyu ya gyara wannan. Allon ma Windows ta ajiye shi a 60, sai da muka shiga saiti muka ɗaga shi zuwa 144. Mutane da yawa kan shekara suna wasa a 60 a kan allon da suka biya kuɗin 144, suna yabon santsinsa. Muka bar gem yana gudana kusan awa biyu, manhajar HWiNFO na nuna zafi, babu abin da ya wuce ƙima, babu mutuwa, babu ƙara.

Manhajar CrystalDiskInfo ce ta tono abin da ba mu zata ba. Kowane SSD yana riƙe da tarihin kansa: sau nawa aka kunna shi, awa nawa ya yi yana aiki, bayanai nawa aka rubuta masa. Sabo yakan nuna 'yan awoyi na gwaji da girka Windows. Wannan ya nuna sama da awa 3,000. Lafiyarsa ba ta yi ƙasa sosai ba, zai iya shekaru yana aiki, amma ba shi aka saya ba. An ce sabo, a rubuce.

Yaron ya so ya mayar da kwamfutar gaba ɗaya cikin fushi. Na ce ya dakata mu auna. Katin da furosesa, waɗanda su ne mafi yawan kuɗin, lafiyarsu ƙalau kuma su ne aka yi alkawari. Mayarwa na nufin makonni ba kwamfuta ba kuɗi, da haɗarin ta lalace a hanya a ɗora masa laifi. Ya buɗe ƙorafi a dandalin, ya haɗa hoto biyu: saƙon da ke cewa duka sababbi ne, da allon da ke nuna awoyin. Bai zagi kowa ba, bai yi dogon bayani ba. Mai kayan ya amsa cewa kuskure ne daga wurin haɗawa, ya ba da zaɓi tsakanin sabon SSD da mayar da kuɗin SSD ɗin. Ko kuskure ne ko an gwada sa'a ne, wannan tsakaninsa da Allah. Muka karɓi kuɗin, yaron ya cika ya sayi 1TB mai suna, tunda 512GB ɗin ma da wasa uku ko huɗu na zamani za su cinye shi.

Inda na zame

Sai da muka zo sa sabon SSD na kwance ɗaya murfin, na haska takardar da ke jikin akwatin wuta. Sunan da ke kai ban taɓa jin sa ba, kuma ban sami ko gwaji ɗaya da wani mai zaman kansa ya yi masa ba. An rubuta 600 da manyan baƙaƙe, amma a jadawalin ƙasa layin 12V, wanda kati da furosesa ke sha daga gare shi, bai kai wat 450 ba. Akwatin wuta na kirki a yau kusan duk ƙarfinsa a wannan layin yake bayarwa. Tambarin 80 Plus kuma, ko da na gaskiya ne, abin da yake shaida shi ne na'urar ba ta ɓarnatar da fiye da kashi 20 cikin 100 na wutar da ta ja a matakan da aka gwada. Bai ce komai ba game da ingancin kayan ciki ko kariyar da za ta yanke wuta in abu ya ɓaci.

Na gaya masa gaskiya cewa laifina ne, ya kamata in sa shi ya nemi hoton wannan takarda tun kafin ya biya. Ba mu da abin kai ƙara, domin 600 aka ce, 600 ke rubuce. Abin da ya sassauta lamarin shi ne kwamfutar ba mai ci ba ce. Katin wat 115 yake ja, furosesar an ƙiyasta ta a 65, duka da sauran tarkace ba sa kai rabin abin da aka rubuta. Amma wannan shi ne sashe ɗaya da in ya mutu yakan iya jan wasu su tafi tare, kuma ba zan yarda a ɗora masa kati mafi girma ba.

Da muka sake zama da biro, muka ƙara kuɗin sandar RAM ta biyu, cikon SSD, da akwatin wuta mai suna da za a saya nan gaba, sai ribar kashi ɗaya cikin biyar ɗin nan ta dawo kamar rabinta. Har yanzu ta fi haɗawa da hannu sauƙi, ga Windows a ciki, ga garantin shekara na mai haɗawa. Na kuma faɗa masa tun wuri cewa 8GB ɗin katin shi ne zai fara yi masa kaɗan, tun kafin ƙarfin katin ya gaza, kuma ranar da wani sabon gem ya soma sarƙewa, ingancin zanen saman abubuwa zai fara ragewa mataki ɗaya kafin ya taɓa komai.

Sandar RAM ta iso bayan mako biyu. Ya sa ta da kansa, ina kallo ta bidiyo, a rami na biyu da na huɗu kamar yadda littafin madabod ya nuna, bayan ya fara kuskuren jera su kusa da juna. CPU-Z ta nuna hanyoyi biyu sun buɗe. Akwatin wutar yana nan bai canza ba tukuna, ya ce sai ƙarshen wata. Jiya ya turo mini hoton fankoki uku masu fitilu da ya gani da rangwame, na mayar masa da hoton takardar 12V ɗin nan ba tare da na rubuta komai ba. Ya amsa, "Na ji, Kawu. Akwatin wuta da farko."